Baba Mai Kwalabe da Duniya ta Shida

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin motar farko ta sauke yara a ƙofar makarantar su 'yata, Baba Mai Kwalabe ya riga ya jingine kekensa a bayan ɗakin kimiyya. Tagogi yake fara buɗewa, duka takwas, don a cewarsa ɗakin da ya kwana da magunguna sai ya sha iska kafin yaro ya shige shi. Sai ya bi bututun gas yana shinshinawa kamar mai neman mushen ɓera. Ya goge tebura, ya girgiza kowace kujera ko ƙusa ta saki. Daga nan ya naɗe hannun riga, ya tsaya a bakin famfo yana wanke kwalaben gwaji ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ya ɗaga ta a haske ya duba kafin ya kife. A nan ya samo sunansa. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki, kuma ranar Juma'ar ƙarshen watan nan zai ajiye shi.

Ba malami ba ne. In ka kira shi Malam sai ya ce, "Malamai suna ofis, ni ɗan wanke-wanke ne." Ba ya cikin hoton ma'aikata da ke rataye a ofishin Shugabar makaranta, don shi ne yake riƙe wa mai hoto tsani ranar da aka ɗauke shi. Ni kuwa ɗinki nake yi a gida, ban saba rubuta abin da jama'a za su karanta ba. Amma mutumin nan zai tura kekensa ya fita ba tare da iyaye da yawa sun san abin da ya yi wa 'ya'yansu ba, kuma ina cikin waɗanda bai kamata su yi shiru ba.

Maigadi ya ba ni labarin ranar da gas ya ɓalle ana tsakiyar darasi. Ya ce Baba bai ɗaga murya ba. Shigowa ya yi ya ce wa yara arba'in, "Wa zai riga ni zuwa gindin bishiyar can? Amma da tafiya, wanda ya yi gudu ya faɗi gasa." Suka fita a jere suna dariya, babu wanda ya taka wani. Sai da ya ƙirga su ya koma shi kaɗai ya rufe bututun. Malamin Kimiyya kuma ya ce, a shekara tara da suka yi tare, bai taɓa ɗaukar kwalba ya tarar da ragowar wani magani a ciki ba. "Kin san abin da wannan ke nufi?" ya tambaye ni. "Yaro bai taɓa ƙonewa a ajina saboda ƙazantar wani ba."

Amma abin da yara suka fi saninsa da shi yana can a teburin baya. Wata rana yana wanki ya ji a rediyo cewa masu binciken sama sun gano wata tauraruwa mai kama da ranarmu, da duniyoyi suna zagaya ta. Ya dame Malamin Kimiyya na wancan lokaci har sai da ya samo masa bayanin a takarda. Zango biyu ya yi yana haɗa abin da yara ke kira Injin Taurari, da injin tsohuwar fanka, da sarƙar keke, da sandunan ƙarfe masu ɗauke da ƙwallayen katako. A tsakiya akwai ƙwan lantarki, shi ne tauraruwar. Yakan kifa kwali mai huda a kai, haske ya fito ta hudar ya sauka a bango, yara su yi ta kallon yadda yake raguwa, su faɗi duniyoyi nawa ne a ciki.

Lokacin da aka canza wa makaranta ƙwayaye aka sa na zamani marasa zafi, Baba ya bi aji-aji ya tattara tsofaffin, ya naɗe su a jarida ya adana. Malamai suka yi ta tsokanarsa wai zai buɗe shagon kayan tarihi. Ya ce, "Ku yi dariyarku. Tauraruwar da ba ta da zafi ai hoto ce."

'Yata ta fari, wadda kakarta ta laƙaba wa Aku saboda surutu, tana aji huɗu wani zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta tashi, amma idanunta ba su tashi tare da ita ba. Likitoci suka ce jijiyar ce, mu yi haƙuri. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Na naɗe kusurwar kowane tebur da ƙyalle. In ta doso kicin sai in kashe wuta. Ko banɗaki za ta, hannunta na cikin nawa. Wata biyar ba ta je makaranta ba, kuma yarinyar da a da sai an roƙe ta ta yi shiru ta koma ba ta cewa komai sai "to" da "a'a".

Abbanta ya ce a mayar da ita aji. Na ce, "Wa zai riƙe mata hannu a can? Kai da kake kan hanya kullum?" Na yanke shawara zan je in karɓo takardunta, a rufe maganar makaranta.

Da ita na tafi, don ba na barinta da kowa. Shugaba ta ce in zaunar da ita a bencin baranda mu yi magana mu biyu. Na ɗauka minti biyar ne. Aka nemi fayil aka rasa, Shugaba tana ta lallashina in sake tunani, har kusan awa ɗaya. Abin da ya faru a wannan awa, daga bakin Aku na ji shi, da kuma Malamin Kimiyya wanda yake zaune a bayan ɗakin yana duba littattafan yara.

Baba ya kunna injinsa yana sa masa mai. Sai ya ji murya daga baranda.

"Mene ne ke ƙara haka, kamar keken ɗinkin Ummana in ya ji ƙishin mai?"

Ya leƙo ya gan ta. Ya san ta, ya kuma san abin da ya same ta.

"To, Malama Aku, kin ci mutuncin injina a bayan idonsa. Zo ki faɗa masa a gabansa."

"Ba na gani, Baba."

"Na sani. Taku goma sha ɗaya ne daga bencin nan zuwa ƙofata, bango yana hannunki na dama. Ni zan ƙirga, ke ki yi tafiyar."

Bai kama hannunta ba. Ta iso a taku goma sha huɗu, ya ce laifinsa ne, da ƙafar raƙumi ya auna. Malamin Kimiyya ya ce a nan ta yi dariya. Ni uwarta na yi wata biyar ban ji wannan dariyar ba.

Ya zaunar da ita gaban injin ya ce, "Akwai wata tauraruwa, kusan irin ranarmu ce a girma da zafi. Nisa ne ya sa ba a ganinta sai da babban madubi. Hasken da ya baro ta yau, sai ya yi shekara wajen dubu biyu a hanya kafin ya iso nan."

"Ba ya gajiya?"

"Shi ba keke yake hawa ba irina. To, tana da duniyoyi suna zagaya ta, yadda tamu ke zagaya rana. Kin san wanda ya taɓa ganinsu?"

"Masu madubin."

"Ko mutum ɗaya. A wannan fage da ni da ke da masu madubin duk sammakal."

"To ta yaya suka san suna nan?"

"Zama suke yi suna auna hasken. In duniya ta gitta ta gaban tauraruwar, sai ya ɗan ragu, kaɗan ƙwarai, kamar sauro ya gitta fitilar mota daga nesa. Su rubuta lokacin, su jira. Kuma ba sa yarda da duniya sai ta gitta sau uku a kan lokacinta. Sau ɗaya yana iya zama kuskure, sau biyu yana iya zama dace."

Sai ya cire kwalin, don yana tare zafi. Ya ce ta ɗaga bayan hannunta ta fuskanci ƙwan daga nesa da ƙwallayen. Ta ji ɗumi. Can sai ɗumin ya ɗauke na ɗan lokaci, ya dawo.

"Wani abu ya wuce," in ji ta.

"Duniya guda ke nan. Ƙwallayena manya ne, na yi ha'inci a girman don a ji daɗin aiki. Amma dabarar ita ce dai."

"Su nawa ne?"

"In na gaya miki, ke mene ne aikinki?"

Ya zube mata marafan kwalba a gefe. Duk lokacin da ɗumi ya ɗauke, sai ta ajiye marfi a layin wadda take jin ita ce ta wuce, tana ƙirga tsakaninsu a hankali. Mai saurin takan dawo duk minti biyu. Ta ware ta, ta ware ta biyu, har biyar. Sai wata ta zo mai daɗewa.

"Wannan daban ce. Nauyin jiki gare ta, kamar Kakata in za ta tashi daga kujera."

Malamin Kimiyya ya ce ya ajiye biro. Fiye da shekara goma yara suna cewa huɗu ko biyar. Ta shidan sai bayan minti ashirin da huɗu take zagayowa, yara kuwa kwata ɗin awa ake ba su, in ma ta wuce sai su ɗauka ɗaya ce daga cikin sauran. Aku ta zauna ta jira. Ta ji ta karo na biyu, ta ajiye marfi na biyu a layi na shida.

A daidai nan na fito daga ofis na tarar da benci babu kowa. Na faɗa ɗakin kimiyya, na ga 'yata makauniya zaune gaban wuta da ƙarafa suna juyawa. Na ƙwala mata kira da dukan ƙarfina. Ta zabura ta miƙe, ta yi gaba, tafin hannunta ya sauka a kan ƙwan.

Baba ya kashe injin, ya kai hannun ƙarƙashin famfo ya sakar masa ruwa. Ni kuwa ina tsaye ina faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa sa'an uba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Laifina ne, 'yata, ya kamata a ce da keji a kan ƙwan." Kafin in bar makarantar na rubuta ƙara. Shugaba ta sa aka kulle injin a sito, aka ba Baba takardar gargaɗi, ta farko a duk shekarun aikinsa.

Ƙunar ba babba ba ce, bororo ne kamar girman kwabo. Kwana uku ina sa mata magani ba ta ce mini uffan ba. Rana ta huɗu ina naɗe hannun ta ce, "Umma, ba ƙwan ne ya zo wurina ba. Ke kika firgita ni."

Na ci gaba da naɗe hannun, ita kuma ta ƙara da cewa:

"Kuma saura sau ɗaya. Sau biyu na ji ta. In ban ji na uku ba, ba a yarda da ita."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta yi mini tun da ta kwanta ciwo, kuma shi ne abu na farko da ta nema. Na zauna na dubi kaina. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana, kuma ni ce gugan.

Ranar Litinin na koma. Na same shi a sito, a durƙushe gaban injin da aka hana shi kunnawa, yana ɗaure murfin tsohuwar fanka a kan ƙwan da waya. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Tashi, 'yata, za ki ɓata zanenki. Uwar da ba ta yi ihu ba ranar nan ai ita zan yi wa faɗa."

"Ka san za mu dawo ne kake wannan gyara?"

"Ke ban sani ba. Ita dai na sani. Wanda ya ji sau biyu ba ya samun sukuni."

Na janye ƙarata a rubuce, na faɗi yadda abin ya faru a gaban Shugaba. Aka fito da injin. Aku ta ce a fara daga farko, don na ranar nan ya katse, ba ya cikin lissafi. Sama da awa guda muka zauna. Na tura hannayena ƙarƙashin cinyata na danne, don sai miƙewa suke yi da kansu. Da mai nauyin jikin ta gitta karo na uku, ta ajiye marfin ta ce, "Shida ne."

Baba ya juya ga Malamin Kimiyya. "Malam, ka shaida?"

"Na shaida."

"To a rubuta. Shekara goma sha biyu ina jiran mai haƙurin da zai same ta."

Aku ta ce, "Gobe ƙarfe nawa ake darasin kimiyya?" Ba ni ta tambaya ba. Ban karɓi takardun nan ba har yau.

Da a nan ya tsaya ma ya isa, amma dawowa aji ba magana ce ta rana ɗaya ba, kuma a nan na ga ainihin aikinsa. Ya ja igiya a jikin bango daga ƙofar makaranta zuwa ajinsu, da ƙulli a gaban kowace ƙofa. Ya buga ƙananan ƙusoshi a jikin rula don ta auna da yatsa. Kwalaben da za ta taɓa ya ɗaura musu zare a wuya, na ruwa ƙulli ɗaya, na gishiri biyu, waɗanda ba a taɓawa kuwa ya mayar da su saman kanta inda ko mai gani sai da tsani. Wani tsohon ɗalibinsa yana aiki da masu koyar da rubutun makafi, Baba ya hau keke ya je ya same shi, sai ga malama tana zuwa sau biyu a mako. Ya kuma canza yadda ake wasan injin. Yanzu kowane aji sai sun rufe ido sun gwada da bayan hannu, Aku ce ke yi musu alƙalanci. Wai ba ta da sassauci ko kaɗan.

Ba zan ce komai ya yi daidai ba. Ta faɗi a matakala sau biyu. Akwai ranakun da take dawowa da kuka saboda maganar wani yaro, ni ma in shiga ɗaki in yi nawa. Idanunta ba su dawo ba, ba kuma mu sa rai. Amma bakin ya dawo, har kakarta tana cewa, "Ni fa na fara kewar shirun nan."

Baba, kai ne ka dubi yarinyar da kowa ke tausayi, ka ba ta aiki. Kai ne ka sha zagin da ba naka ba, ka karɓi takardar gargaɗi ba ka nuna ni da yatsa ba, alhali kai da Malam kun ga abin da ya faru. Kai ne ka ɗauko tauraruwar da ke can inda hankali ba ya kaiwa, ka ajiye ta a kan teburin baya, inda ɗan talaka zai miƙa hannu ya ji ɗuminta. Ginshiƙin da ba a yi wa fenti, da kai ɗakin yake tsaye. Na tambaye ka ko a duniyoyin nan akwai mutane, ka ce masana sun ce sun yi kusa da tauraruwarsu ƙwarai, zafi ya yi yawa, amma taurari irinta ba su ƙirguwa, kuma ba a gama dubawa ba. Ka ce wataƙila cikin yaran da ke zama a kujerun nan wani zai ci gaba da duban. Da ka faɗi haka ban ji ka cire 'yata daga cikinsu ba.

Ina roƙon makaranta ta sa wani ya zauna da Baba kafin Juma'ar nan, ya koyi injin ciki da waje, inda ake sa mai da yadda ake ɗaure sarƙa, kada a wayi gari ya zama tarkace a sito. Iyaye 'yan'uwana, mu riƙa tsayawa muna gaida masu shara da masu gadi da masu wanke kwalabe, don sau da yawa sun fi mu sanin halin da 'ya'yanmu ke ciki da rana. Ku kuma masu irin aikinsa, kada wani ya ce muku aikinku ya tsaya a bakin famfo. Baba ba shi da takardar koyarwa, kuma babu wanda ya sa shi ko ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa.

Aku ta zauna jarrabawar fita firamare tare da 'yan ajinsu, ta kuma ci. Ina wannan rubutu ne sabuwar rigarta ta sakandare tana kan kekena, saura maɓallai. Ɗazu ta shafa ta, ta ce in bar mata, ita za ta ɗinka su. Na zura zare, na miƙa mata allurar, na koma gefe na zauna.

Wannan ma aikinka ne, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiya mai ɗorewa. Mun gode.